Hali Zanen Dutse? Miƙaƙƙen Tauraro da Zagayayye a Ƙagaggun Labaran Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ajin nazarin ƙagaggun labarai ya ji an kasa taurari gida biyu, miƙaƙƙe da zagayayye. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, miƙaƙƙen tauraro yana riƙe da hali ɗaya tun daga farkon labari har ƙarshensa, zagayayye kuwa halinsa yakan sauya kafin a rufe littafi. Da wannan ma'auni ɗalibi kan ɗauki littafi, ya jera sunayen mutanen da ke ciki, ya ɗora wa kowa hularsa, ya miƙa wa malami takarda. Wanda ya fara mugu ya ƙare mugu, miƙaƙƙe. Wanda ya fara mugu ya tuba a babin ƙarshe, zagayayye. A ganina wannan ma'auni ya yi arha da yawa, kuma ya cuci marubuta da masu karatu baki ɗaya.

Asalin rabon yana wurin marubucin Ingila E. M. Forster, cikin laccocin da ya gabatar a Jami'ar Kambirij a 1927, waɗanda aka tattara aka buga a shekarar da sunan Aspects of the Novel. Idan aka koma ga abin da ya faɗa, za a tarar bai rataya maganar a kan sauyin hali ba. A wurinsa miƙaƙƙen tauraro shi ne wanda aka gina a kan siffa ɗaya tak, har ana iya taƙaita shi cikin jimla guda. Zagayayye kuwa shi ne wanda zai iya yin abin da mai karatu bai zata ba, amma bayan ya yi, mai karatun ya yarda cewa lalle wannan mutum zai aikata haka. Sharuɗɗa biyu ke nan, mamaki da gamsuwa. Forster bai kuma raina miƙaƙƙen tauraro ba. Ya nuna cewa yawancin mutanen da ke cikin littattafan Charles Dickens miƙaƙƙu ne, amma har yau ba a manta da su ba.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan muƙala shi ne, tauraro yakan zama zagayayye ne a lokacin da marubuci ya tsayar da shi tsakanin abu biyu da yake so, ko abu biyu da yake tsoro, ya bar shi ya zaɓa da kansa, ya kuma ɗauki abin da zaɓin ya jawo masa. Tuba ta shafin ƙarshe ba ta cika wannan sharaɗi. Zan bi sawun maganar daga tatsuniya zuwa littattafan gasar 1933, daga nan zuwa adabin kasuwar Kano, sa'annan in duba hanyar da al'adar Bahaushe ta tanada ta nuna abin da ke cikin zuciyar mutumin da kunya ta hana shi furtawa.

Gadon tatsuniya

Mu da muka tashi a Durun, a ƙasar Kabo, makarantarmu ta farko ta sanin taurari ita ce tabarmar tatsuniya bayan sallar isha'i. A can muka san Gizo da matarsa Ƙoƙi, da Kura mai kwaɗayi da tsoro, da Dila malamin daji, da 'yar bora da 'yar mowa. Babu ɗayansu da ke sauya hali. Gizon da ya yaudari giwa da dorina jiya shi ne zai yaudari hankaki gobe. Da zarar mai ba da tatsuniya ta ambaci sunansa, ta karya harshe ta kwaikwayi tsamin bakinsa, yara sun riga sun san wanda ya shigo. Daɗin yana wurin jiran dabarar da zai ɓullo da ita yau, da yadda za ta ƙare masa.

Wannan miƙewa tana da dalilinta. Tatsuniya gajeriya ce, da baki ake yin ta, ga yaran da barci ke fizga, saboda haka babu sararin tsayawa a tona zuciyar kowa. Suna ɗaya ya ɗauke nauyin bayani. Bugu da ƙari, tatsuniya tarbiyya ce, shi kuwa yaro ya fi saurin gane kwaɗayi idan an sa masa fatar kura.

A ƙarƙashin wannan akwai ra'ayin Bahaushe game da ɗan Adam. Masu iya magana suna cewa hali zanen dutse, mai hali ba ya fasa halinsa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya jera siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya tashi da irin wannan ma'auni, idan ya ɗauki alƙalami, yakan rarraba siffofin kamar rabon goro, ya ba wannan haƙuri, ya ba wancan hassada, kowa da kasonsa. Sai dai Bahaushen nan shi ne kuma ya ce mutum tara yake bai cika goma ba, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wato al'adar ta san akwai halin da ba ya fitowa sai wuya ta yi wuya. Ke nan iri biyun duk suna cikin rumbunmu tun kafin Forster ya raɗa musu suna.

Taurarin gasar 1933

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri aka samu littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. A cikinsu ana ganin yadda marubuci ke tsaye da ƙafa ɗaya a tabarmar tatsuniya, ɗayar kuma a kan sabuwar hanya.

Bari in fara da na gida. Idon Matambayi, wanda marubucinsa ke ɗauke da sunan Gwarzo maƙwabciyarmu, labarin ɓarayi ne, kowa na neman ya fi ɗan'uwansa wayo. Taurarinsa jikokin Gizo ne da aka sanya wa riga da wando. Haka abin yake a Ruwan Bagaja. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, ya yi ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe wancan ya rama. Ana iya taƙaita Zurƙe cikin jimla ɗaya, amma har yau sunansa bai bar bakin masu karatu ba. Imam ya gane cewa dariya daga maimaici take fitowa: mun san Zurƙe zai dawo, mun san da mugunta zai dawo, abin da ba mu sani ba shi ne wa zai ci wannan karon. Da zai tsaya a tsakiyar littafi yana nazarin rayuwarsa, da labarin ya mutu a nan. Haka Waziri maci amana da Aku mai hikima a Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin kundi uku tsakanin 1937 da 1939. Su ne ginshiƙan da aka rataya labarai masu yawa a kansu, ginshiƙi kuwa ba a son ya riƙa motsi. Saboda haka mai nazarin da ya ga miƙaƙƙen tauraro ya ce marubuci ya kasa, ya yi gaggawar hukunci.

Jiki Magayi ya bi wata hanya. Abubakar da Zainab suna son juna, sai attajiri Malam Shaihu ya shiga tsakani ya aure ta. Mai karatu yakan fara da tausayin Abubakar, domin shi aka zalunta. Amma marubutan ba su bar attajirin ba tabo ba: mutum ne mai dukiya wanda Allah bai ba haihuwa ba, kuma ɗa yake nema. Shi kuwa Abubakar, maimakon ya haƙura ko ya fuskanci wanda ya cuce shi, sai ya shiga duniya neman asiri, ya sha baƙar wahala, ya dawo ya sauke fushinsa a kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaron ya lalace ya zama ɓarawo, har ya kai ga kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. Tambayar da littafin ke jefa wa mai karatu ita ce, a wane shafi ka daina tausayin Abubakar? Da wuya a sami mutum biyu su nuna wuri ɗaya. Abin da ya yi ya ba mu mamaki, amma mun yarda cewa zuciyar da aka ƙona za ta iya kai mutum nan. Ya zaɓi ramuwa a kan sauran soyayyar da yake yi wa Zainab, domin ɗanta ya lalata. A nan sharuɗɗan Forster biyu suka cika, alhali ba tuba ce ta cika su ba.

Shaihu Umar kuwa ya juya lissafin ɗalibai. Babban tauraron, wanda ke ba almajiransa labarin rayuwarsa, mai haƙuri ne tun yana yaro har tsufansa. An sace shi, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, an kai shi ƙasar Masar, ya yi karatu ya zama malami. Matsayinsa ya sauya ƙwarai, daga yaro ɗan Kagara zuwa shaihi, amma abubuwa ne ke faruwa da shi, ba safai ake ganin ya tsaya a mararraba ba. Wadda ta tsaya a mararraba ita ce mahaifiyarsa. Tana da miji da dangi, al'ada kuma ta ba ta uzurin ta dangana ta bar wa Allah. Ta ƙi. Ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, ta faɗa bauta, ta ƙetare Sahara har Tarabulus, ta yi ido biyu da shi, ba ta daɗe ba ta rasu. Burinta ɗaya ne, gaskiya, amma an sa ta zaɓa tsakaninsa da duk wani abin da mace ke taƙama da shi a zamaninta. Shi ya sa mai karatu kan rufe littafin yana girmama Umar, amma uwar ce ke tsaya masa a rai.

Taurarin kasuwar Kano

Bayan shekaru masu yawa an samu wasu taurari masu nauyi. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, ya kawo Boɗaɗo, Bafulatanar da ta so wanda ba ƙabilarta ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, a 1982, ya kawo Mailoma, Bamagujen da yaƙin basasa ya mayar soja, ya fito ya zama shugaban gungun miyagu. Amma daga tsakiyar shekarun 1980 ne rubutu ya ɓarke a Kano, marubuta suna buga littattafansu da kuɗinsu, ana sayarwa kashi na ɗaya, na biyu, na uku. Tare da wannan ambaliya sai wani ayarin taurari ya kafu, wanda duk mai karatu ya haddace: yarinya kyakkyawa mai tarbiyya, saurayi talaka mai ilimi, Alhaji mai kuɗi, kishiya mai bin bokaye, uwar miji mai masifa, da ƙawa mai zuga.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991 ya kuma sami karɓuwa ƙwarai, ya tsaya ne a kan murhu mai duwatsu uku irin na Jiki Magayi: Sumayya, da masoyinta Muhammad talaka, da attajiri Abdulƙadir. Bambancin shi ne, aikin Abdulƙadir a labarin shi ne ya tare hanya da kuɗinsa, don haka mai karatu ba ya shan wahalar zaɓen ɓangare. Ƙarfin littafin yana wurin zafin soyayyar da kuma ƙarar da ya kai ta auren dole, kuma a nan ya yi nasara.

Bai kamata a ɗora wa marubutan laifin wannan miƙewa su kaɗai ba. Kasuwa tana son abin da ake ganewa da sauri. Sa'annan tun farko an sa su a gaba da zargin ɓata tarbiyya. Muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya soki abin da ya kira adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare shi, ta nuna irin zafin da maganar ta ɗauka. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafan a bainar jama'a. Marubucin da ke rubutu cikin irin wannan yanayi yana buƙatar hujjar cewa faɗakarwa yake yi, hujja mafi sauƙi kuwa ita ce ya sa nagari ya yi fari fat, mugu ya yi baƙi ƙirin, azaba kuma ta sauka kafin shafin ƙarshe. Ta haka jigo ya hau kan tauraro ya kama linzami.

Duk da haka, cikin wannan kasuwa aka haifi ɗaya daga cikin taurarin da suka fi kowa cika a rubutun Hausa. Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rowa a gida da kyauta a waje, ya auro Delu, ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara. Delu miƙaƙƙiya ce, haka Alhaji Abdu, haka ma Saudatu, 'yar Rabi mai ladabi wadda ta yi dacen miji. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta ɗanɗani zaman da babu mai yi mata tsawa. Sai gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji, Delu ta watse, ya dawo yana neman afuwa. Da littafin na yayi ne, da sai Rabi ta fashe da kukan murna ko kuma ta yi masa dariyar ƙeta, a rufe da addu'a. Balaraba ba ta yi haka ba. Rabi ba ta son komawa, mazan da ke kewaye da ita suka matsa mata, ta koma, ita ce kuma mai ciyar da gidan. Mai karatu ba zai iya kiran wannan nasara ba, ba zai iya kiransa faɗuwa ba. An sa ta tsakanin 'yancin da ta sha wuya kafin ta samu da mutuncin 'ya'yanta da maganar manya, ta ɗauki ɗaya ta rasa ɗaya. Idan aka bi ma'aunin aji, Alhaji Abdu ne zagayayye, tunda shi ya tuba, Rabi kuwa miƙaƙƙiya, tunda haƙurinta bai sauya ba. Duk wanda ya karanta littafin da idon basira ya san akasin haka ne.

Tuba ta shafin ƙarshe

Me ya sa nadamar irin su Alhaji Abdu ba ta isa ba? Domin daga waje take zuwa. A littattafai da yawa abin da ke kawo ta bai wuce gobara, ko haɗarin mota, ko ciwon ajali, ko karayar arziki ba. Mutumin bai duba kansa ya ga muninsa ba, duniya ce ta juya masa baya. Da shagon bai ƙone ba, da yana nan yadda yake. Irin wannan tauraro hali ɗaya gare shi, wato bin inda daɗi yake, kuma da wannan halin ya tafi, da shi ya dawo.

Akwai kuma ƙofar asiri, wadda ta fi kowace sauƙi. Miji ya wulaƙanta uwargida shekara goma, a babin ƙarshe a tono laya a bakin ƙofa, a ce ashe ba yin kansa ba ne. Da wannan marubuci ya wanke shi tas, amma ya kuma kashe shi a matsayin tauraro, domin wanda bai zaɓa ba babu abin da za a karanta a zuciyarsa. Jiki Magayi ma ya yi amfani da asiri, sai dai a lura da inda nauyin ya faɗa. Kyauta, wanda asirin ya kama, ya zama makami a hannun wani. Abubakar, wanda ya nemo asirin da ƙafarsa cikin hankalinsa, shi ne ya ɗauki nauyin labarin.

Wani zai ce, ai addini ya buɗe ƙofar tuba har ran mutuwa, don me za a hana tauraro? Ba a hana shi ba. Amma malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan babi ne mai zaman kansa ga marubucin da ya san aikinsa. Yaya mutumin da ya saba da girman kai zai durƙusa gaban matar da ya kora? Me zai ce wa ɗan da ya daina zuwa makaranta saboda shi? Wane dare ne tsohon halin ya sake taso masa, kuma me ya yi? Marubucin da ya taƙaita duk wannan cikin sakin layi ɗaya ya tsallake wurin da labarinsa ya fi daraja.

Kunya da hanyar shiga zuciya

A nan wata matsala ta taso wadda ta shafi Bahaushe musamman. Ƙagaggen labarin Turai yakan zagaya tauraro ne ta hanyar shiga kansa, a bar shi ya yi ta zancen zuci shafi bayan shafi, ko ya zauna ya amayar wa wani da cikinsa. Mutumin da aka rena da kunya da kawaici ba haka yake ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce Malam ko Maigida. Ɗa ba ya duban idon mahaifinsa ya ce ka zalunce ni. Marubucin da ya sa dattijuwar ƙauye ta tsaya tana zayyana yadda take ji kamar 'yar wasan fim ɗin Indiya ya sami bayani, amma ya rasa gamsuwar mai karatu.

A ganina wannan kunya taska ce ga mai rubutu. Inda baki ya yi shiru, hannu yakan yi magana, kuma Bahaushe ya riga ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. A ɗauki kishiya, wadda ta fi kowa shan miƙewa a littattafanmu. A ce amarya ta haihu, danginta suna nesa, uwargida kuwa ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ce za ta tashi da asuba ta hura wuta, ta dafa ruwan wankan jego da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa, har kwana arba'in. Tana yi tana sakin habaici, ba ta taɓa yi wa mai jegon murmushi ba, amma ruwan bai taɓa yin sanyi ba. Ranar suna aka ba ta jaririn, ta riƙe shi ya ɗan wuce yadda ake riƙewa, sa'annan ta miƙa ta ce hayaƙi ya shige mata ido. Ba a faɗi kishi ba, ba a faɗi ƙauna ba, mai karatu ya ga duka biyun suna kokawa a jiki ɗaya. Daga nan duk abin da ta aikata a babi na gaba, alheri ko sharri, zai iya ba da mamaki ya kuma gamsar.

Kayan aikin suna da yawa: kara, da alkunya, da gatse, da sakaya suna, da gaisuwar da aka tsawaita don kauce wa magana, da kwanon abincin da aka mayar ba a taɓa ba. Duk hanyoyi ne da Bahaushe ke faɗin abin da ba ya faɗuwa. Gajeren labari ma, irin wanda gasar Hikayata ta BBC Hausa ke nema daga mata tun 2016, ya fi buƙatar su, domin babu filin dogon bayani, sai dai motsi ɗaya da zai tona mutum.

Wannan ba ya nufin kowa a littafi sai ya zagaya. Mai shayi, da direban mota, da maƙwabciya mai gulma, siffa ɗaya ta ishe su, kuma su ne ke sa garin labari ya cika da mutane. Abin da ake bukata shi ne marubuci ya san wanda ya ɗora wa nauyin labarin, shi kuma kada ya raba shi da zaɓi.

Kammalawa

Maganar ta wuce ta jarrabawa. Littattafan nan ana karanta su a ɗakunan matan aure da na 'yan mata a Durun da Kabo da Gwarzo kamar yadda ake karanta su a birnin Kano, jiya a takarda da rediyo, yau a waya ta WhatsApp da Facebook. Yarinyar da ta karanta littafi hamsin, a cikin kowanne kishiya mayya ce, uwar miji kuma abokiyar gaba, ta riga ta yanke wa mutanen gidan da za a kai ta hukunci tun ba ta gan su ba. Saurayin da ya saba ganin cewa duk zaluncin miji aikin asiri ne ya sami wurin ɓuya tun kafin ya yi laifi. Ita kuwa wadda ta karanta labarin Rabi, ko ta bi mahaifiyar Umar cikin Sahara, ta koyi tambayar me ya kai mutum ga abin da ya yi, kuma me ya rasa a hanya.

Saboda haka ina ganin ya kamata mu gyara tambayar da muke yi wa tauraro a aji da wurin alƙalancin gasa. Tambayar ko ya sauya hali ba ta kai mu ko'ina. A tambaya: an taɓa tsayar da shi tsakanin abu biyu masu nauyi? Shi ya zaɓa, ko gobara da laya suka zaɓar masa? Abin da ya yi ya ba mu mamaki, kuma mun yarda? Idan an gina shi miƙaƙƙe, kamar Zurƙe, shin miƙewar tana yi wa labarin aiki? Da waɗannan tambayoyi za mu ba Imam haƙƙinsa ba tare da mun nemi ya zama wani ba, mu kuma gane abin da Balaraba ta yi wanda ma'aunin aji ya kasa gani. Hali yana iya zama zanen dutse, amma dutse yana da fuskar da ke kallon rana da wadda ke kwance cikin ƙasa, kuma aikin marubuci ne ya san lokacin da labarinsa ke bukatar a juya shi.